Tsohon da Ke Gaida Shamuwa

Daga Allah muke, wurinsa kuma kowa zai koma. Kakana, mahaifin babana, ya koma a ƙarshen kaka, bayan an ɗaure dawa an kai rumbu. Ya dawo daga sallar asuba ya ce jikinsa ba ƙarfi, ya kwanta, hantsi bai yi ba sai ga salati. Inna ce a kansa. Ita ce matarsa, kakata, wadda ta riƙe ni tun da aka yaye ni, don iyayena suna Sakkwato wurin aiki.

A zaman makoki na ji ana yabonsa da abin da ake yabon kowane tsoho. Mai haƙuri ne, ba ya rasa jam'i, bai taɓa tura iyakar gonar wani ba. Duk gaskiya ne. Sai dai ba wanda ya ambaci abin da unguwarmu a Tambuwal ta fi saninsa da shi, wato ɗaukar matarsa a babur da bazara su tafi yawo. Wasu sun yi shiru don suna ganin abin wasa ne, bai dace da ranar mutuwa ba. Wasu kuma sun yi shiru don Baffa yana zaune. Baffa shi ne wan babana, ɗan farin Inna, kuma kowa ya san yawon nan bai taɓa yi masa daɗi ba.

Ni aka sa kai ruwa da goro ƙofar gida, shi ya sa na ga baƙin da suka fara zuwa a rana ta biyu. Na farko wani gajeren mutum ne mai ƙunar tukunya a bayan hannu. Ya yi gaisuwa, ya ce shi mai shayi ne daga Dogon Daji. Ya zauna a gefen tabarma, ya ce marigayi ba ya shan shayi da madara, amma kullum sai ya sa a ƙara wa Hajiya. Baffa ya dube shi. Inna ba ta taɓa zuwa Makka ba, kuma bai san tana shan shayi a bakin titi ba.

Da azahar wani dogon tsoho ya zo daga wajen Sanyinna, ƙafarsa duk faso, da ƙunshin busasshen kifi a cikin takardar siminti. Ya ce masunci ne. Ya ajiye kifin a gaban Baffa ya ce na matar da ke gaida ruwa ne. Washegari kuma wata Bafulatana ta shigo cikin gida da ƙwarya a ka da saurayi a bayanta. Ba ta tambayi kowa ɗakin Inna ba. Ta leƙa ɗaki biyu, a na uku ta gan ta, ta sauke ƙwaryar ta rungume ta. Tun ranar rasuwar ban ga hawayen Inna ba sai lokacin.

Goggo, ƙanwar babana, ta ja ni bayan rumbu ta ce, "Ke da kike bin tsofaffin nan yawo, su wa ne waɗanga? Danginmu na ina?"

Na ce matar dai daga Fakku take. Ban iya ƙarawa ba, don mata sun juyo suna dubana. Abin da na kasa gaya wa Goggo a ranar shi nake rubutawa yanzu.

Inna ta ba ni labarin mafarin abin. Wata rana tana gyaran kifi, Kaka yana gefe yana ɗaurin ƙotar fartanya, sai ta ce ita dai tun da aka kawo ta gidan nan take dafa kifin gulbi, amma ba ta taɓa ganin gulbin da idonta ba. Ta ce magana ce kawai ta faɗa, kamar yadda mutum ke cewa yau ana rana. A shekarar Kaka ya bar wa ’ya’yansa wahalar gona, ya sayar da bijimi ɗaya, ya sayi tsohon babur ja wanda fitilarsa ke ɗaure da roba. Ya koyi tuƙi a filin makarantarmu da yamma, yara suna binsa da gudu. Sau nawa ya faɗi, ba ya faɗa. Ya dai ce filin yana da taushi.

Da bazara ta shigo, an gama cire albasa, ba a fara shuka ba, ya ce wa Inna ta ɗauko mayafi.

A wurinmu ba a fita haka kawai. Ana zuwa suna, ana zuwa biki, ana zuwa dubiya ko ta'aziyya, ana zuwa kasuwa ko asibiti. Wanda ya fita ba da ɗayan waɗannan ba, yawon banza ya tafi, balle a ce da mace, balle a ce tsohuwa mai jikoki. Saboda haka da suka zo wucewa ta majalisar dattawa da ke gindin dalbejiya, aka tsayar da su aka tambaya lafiya.

Kaka ya ce, "Lafiya lau. Gaisuwa za mu."

Aka ce Allah ya jiƙan musulmi, wa ya rasu?

"Ba wanda ya rasu. Shamuwa anka ce ta sauka Dogon Daji. Baƙuwa ta zo daga nesa, ba a yi mata sannu da zuwa?"

Ya ja babur ya bar su da baki buɗe. Daga ranar kalmar ta zauna. Za su gaida gulbi. Za su yi wa ɗorawa barka da fure. Za su duba jikin wata tsohuwar kuka da ke hanyar Dogon Daji, wadda ya ce sa'arsa ce, kuma ta fi shi ciwon baya. Ba wanda ke iya hana mutum gaisuwa, sai dai a yi dariya. Aka yi ta yi kuwa. Samari suka sa masa suna ɗan kabu-kabu mai fasinja ɗaya. Da sunan ya iso kunnensa sai ya karɓe shi hannu biyu, ya koma kiran Inna Fasinja. Ita kuma da ma ba ta faɗin sunansa, sai ta samu sauƙi, ta koma ce masa Direba.

Shirinsu ba ya canzawa. Buta da darduma a ɗaure a kariya, gorar fura, dabino a ƙullin mayafi, da ’yar rediyo da yake ratayawa a wuya amma ba ya kunnawa sai sun sauka. Suna fita bayan rana ta ɗago, su dawo kafin la'asar ta yi sanyi, don ya ce baƙon kirki ba ya kai magariba. Inna tana zama a karkace, ƙafafunta a gefe ɗaya. Ba ta riƙe shi, kunya ba ta bari. Bakin rigarsa take kamawa da yatsu biyu. Ƙarar babur ba ta barin magana, sai suka yi yarensu: in ta ja rigar, ta ga wani abu ke nan, ya tsaya. Wani lokaci tsuntsu ne, wani lokaci sabon ganyen tsamiya mai ja-ja, wani lokaci ba komai, tana son ta ji shirun daji ne. Bai taɓa tambayarta dalili ba. Ya kan kashe babur ya jira. Duk rigunansa na fita sun saki a gefen dama, wurin da take ja.

Ranar da aka fara tafiya da ni, ina aji huɗu na firamare, Asabar ce. Aka sa ni a tsakiya. Kaka ya ce yau ya yi fasinja biyu, tsohuwa da amarya, a bar mutanen gari su mutu da baƙin ciki. Muka bi ta gonaki da aka share aka tara kara ana jiran ruwa, jakuna suna kai taki, har muka gangara fadamar Sanyinna. Ban taɓa ganin kore irin wannan a tsakiyar zafi ba. Iskar wurin ma daban take, tana warin laka da albasa.

Masuncin nan da ya zo ta'aziyya yana bakin ruwa yana ɗinkin koma. Ya miƙe da ya gan su, ya ce yau dai sai Hajiya ta shiga jirgi. Ashe shekara da shekaru yana roƙonta tana ƙi. Ta ce ita gaisuwa ta zo, ba kwana ba. Kaka ya ce ai ba a gaida mutum daga ƙofar gida, sai an shiga. Ta ce to shi ya shiga, ya isar mata. Ya ce Direba ba ya barin Fasinja a tasha. Suna cikin haka sai ta cire takalmanta ta ba ni, ta yi bisimilla, ta taka jirgin. Ta zauna a tsakiya ta ƙanƙame katako da hannu biyu, idonta a rufe. Da muka kai tsakiyar ruwa sai na ga ta saki hannu ɗaya a hankali, ta tsoma yatsunta, ta ce ƙasa-ƙasa, "Sannu. Mun daɗe muna cin arzikinka."

Masuncin ya yi dariya har sandar tuƙi ta kusa kuɓuce masa. Kaka bai yi dariya ba. Ya juya yana kallon wancan ƙetaren, yana ta gyara hularsa da ba ta karkace ba.

Ba kullum ake dawowa da daɗi ba. Akwai ranar da suka ɓata a hanyar Kebbe, don Kaka ba ya tambayar hanya. Ya ce wanda aka haifa a ƙasar nan ba ya tambayar yaro inda gabas take. Suka yi ta zagaye wata tsamiya, mai ya ƙare, ya tura babur ita tana biye da buta. Kwana biyu ba ta yi masa magana ba, tuwo ma ni take ba in kai. A na uku ya tsaya a ƙofar ɗakinta ya ce wa bango, wai an ce mangwaron Dogon Daji ya nuna, amma tun da ba fasinja, sai Direba ya haƙura. Daga ciki ta ce wa bangon, in Direba zai riƙa tambayar hanya, ba zai rasa fasinja ba. Tun daga nan ita ke tambaya, shi kuma ya kau da kai kamar bai ji amsar ba, sannan ya bi ta.

Rigimar da ta fi girma da Baffa aka yi ta. Baffa mutum ne mai son a ga gidansu da daraja. Yana sayar da hatsi a kasuwa, kuma a can ake tsokanarsa, ana tambayarsa ko tsoho zai kai mutum Jega in an biya. Ban da haka yana da tsoro na gaskiya. Ido ya fara yi wa Kaka rauni, ga manyan motoci, ga labaran da ake ji na hanyoyin daji. Ya yi magana a hankali, ya turo abokan Kaka su yi magana, ba abin da ya canza. Sai wata safiya aka tashi babur ya ƙi tashi. Kaka ya duba ya ga an cire fulogi. Bai tambayi kowa ba. Ya shiga garke ya ɗaura wa shanu biyu amalanken kai taki, ya share shi, ya shimfiɗa darduma, ya ce Fasinja ta hau. Suka ratsa ta tsakiyar kasuwa a ranar da take ci, a hankali, tafiyar shanu, Inna ta ja mayafi ta rufe fuska, kafaɗunta suna rawa. Ya tsaya daidai rumfar Baffa ya yi masa sallama, ya tambaye shi ya ciniki.

Kafin azahar fulogi ya koma wurinsa.

Da yamma na kai wa Kaka ruwan alwala na tarar Baffa a tsugune a gabansa. Na ji Kaka yana cewa, "Uwarka ta yi shekara arba'in tana kallon bango huɗu don ku ci ku ƙoshi. Allah ya yi duniya da faɗi. In na mutu ban nuna mata ba, mi zan ce mashi?" Baffa bai yarda ba, ya dai daina taɓa babur.

Bafulatanar nan kuwa a hanyar Fakku suka same ta, shekarun da hanyar ke da kwanciyar hankali. Inna ce ta ja riga, don ta hango mace a gindin kalgo da yaro a cinya. Zazzaɓi ne ya kama shi suna hanyar tallar nono, har ya fara sanƙarewa. Babur ba zai ɗauki mutum huɗu ba. Kaka ya sauke Inna, ya ɗauki uwa da ɗa zuwa asibitin Kebbe, ya bar matarsa a daji da ƙwaryar nonon mutane. Inna ta ce ta zauna jiran sa sai ta ga nono zai lalace, ta ɗora ƙwaryar a ka ta shiga ƙauyen da ke kusa ta sayar da shi tas, ita da ko gyaɗa ba ta taɓa kaiwa talla ba. Yaron ne saurayin da ya biyo uwarsa ta'aziyya. Ya fi Baffa tsawo yanzu.

A bazararsa ta ƙarshe ba su yi nisa ba. Kukar hanyar Dogon Daji kawai suke zuwa, su zauna a inuwa, su sha shayi a wurin mai ƙunar hannu, su dawo. Ya kan ce tsofaffi biyu sun zo duba tsohuwa. Na tambaye shi wata rana ko shamuwa tana amsa gaisuwa. Ya ce, "Amarya, ba don a amsa nika gaisuwa ba. Don kar a ce na zo na wuce ban ga kowa ba."

Bayan an share makoki aka zauna maganar gado a zaure. Ina shara a tsakar gida na ji Baffa yana cewa babur za a sayar, yawo kuma ya ƙare, tsohuwa ta zauna ta huta kamar sauran tsofaffi. Inna ma ta ji, don ƙofarta a buɗe take. Ita ba ta yi wa Baffa magana kai tsaye. Ɗan fari ne, ba ta faɗin sunansa, ba ta haɗa ido da shi, ko yana tsaye a gabanta sai ta sa wani a tsakani. Ta kira ni ta ce, "Ce ma wancan, in ana fidda tumunina, a sa babur ciki."

Na je bakin zaure na faɗa. Baffa ya ce tsohuwa me za ta yi da babur, tuƙawa za ta yi? Amma haƙƙinta ne, malamin da ke rabo ya ce ba laifi. Aka tura babur lungun zaure aka rufe shi da buhuna. Baffa ya ce ya zauna nan har ya yi tsatsa, ba mai hawansa.

Inna ta shiga takaba. Sanyi ya zo ya wuce, zafi ya shigo. Ba ta fita ko ƙofar gida, ba ta yawan magana, ta rame har zobenta ya koma babban yatsa. Goggo ta ce kewa ce, za ta wuce. Ni na ga abin da take yi. Kowace Juma'a sai ta ba ni tsumma ta ce in goge babur, in kuma taka shi ya yi ƙara kaɗan kar ya manta. In ya yi ƙarar, sai ta tsaya da jan carbi har ya mutu. Tsorona shi ne ranar da za ta daina ba ni tsumman. Na taɓa ganin tsohuwar maƙwabtanmu da ta shiga ɗaki bayan mijinta, ba ta sake fitowa ba sai a makara.

Ta fita takaba ana tsakiyar bazara. Ta yi wanka, ta sa sabon zane, aka yi sadaka, ta zaga maƙwabta da dangi na cikin gari ta yi musu ban gajiya, kamar yadda ake yi wa duk wanda ya taka ya zo maka. Goggo ce ta raka ta. Bayan kwana kaɗan, ina dawowa daga makaranta, na ga shamuwa biyu a kan kukar bayan masallaci, baƙaƙe da farin ciki, suna gyara tsohuwar sheƙa. Na shiga na gaya mata. Ta ajiye tsintsiya. Ta ce in kira mata wancan.

Baffa ya zo ya tsuguna a bakin ƙofa, Goggo tana gefe tana tsince shinkafa. Inna ta dube ni ta ce, "Ce mashi an gama ban gajiyar cikin gari. Saura na nesa."

Baffa ya ce wane na nesa, ai dangin Sakkwato da na Jega duk ya kira su a waya.

"Ce mashi akwai mai shayi. Akwai mai kifi. Akwai ta Fakku."

Ya ce waɗannan ai ba dangi ba ne, amma ba komai, zai nemi lambarsu. Goggo ba ta ɗago daga faranti ba ta ce, "Yaya, da waya sunka zo? Tsohon nan na Sanyinna da ƙafa ya taka rabin hanya. Kifinshi kuwa kai ka fi kowa ci."

Ya ce to zai aika yaro. Inna ta ce in gaya masa ba yaro suka zo yi wa gaisuwa ba. Ya ce to a bari ya samu mota. Ta ce in tambaye shi wace mota ce ke gangara fadama. Ya ce hanyar Fakku fa? A nan muryarsa ta sauka, na gane ba gardama yake ba. Inna ta ce in gaya masa matar nan ta biyo hanyar da ƙwarya a ka don ubansa, amma ita ba ta ce a yi ganganci ba. A tambayi direbobin tasha, a bi motocin kasuwa, a dawo da rana tsaka.

Baffa mutum ne da ba ya son a ce gidansu ya bar al'ada, ga shi al'adar ce ta zo ta tsaya masa a ƙofa. In ya ƙi, gobe a kasuwa za a ce ’ya’yan marigayi sun ci kifin ta'aziyya sun kasa taka ƙafa. Can ya ce, "To wa za shi tuƙa ta?"

Inna ta ce mini, "Ce mashi Direba ya bar ɗiya maza. Babbansu nika tambaya."

Ranar Asabar aka yaye buhuna. Na ɗaura buta da darduma a kariya. Ni aka sa a tsakiya, don Inna ba za ta zauna jikin ɗan farinta ba. Da muka zo gindin dalbejiya dattawa suka ɗago, ɗaya ya ce, "A'a, kabu-kabu ya dawo aiki? Ina zuwa?" Na ji bayan Baffa ya sandare. Ya ce, "Ban gajiya," da ƙarfi, kamar mai karanta takardar izini, ya wuce.

Mai shayin Dogon Daji yana hango jan babur ya bar tukunya a wuta ya fito titi. Ya kawo benci, ya goge da rigarsa, ya zuba wa Inna madara har sai da ta ce ya isa. Ya ba Baffa baƙin shayi ba tare da ya tambaye shi ba, ya ce haka mai babur ɗin ke sha. Mutanen da ke wurin suka taso ɗaya bayan ɗaya. Wannan ya ce marigayi ya taɓa kai masa buhu gida. Wancan ya ce shi ya sasanta shi da ƙaninsa a kan bencin nan. Wani makaho ya ce duk bazara sai ya zauna ya ba shi labarin yadda gulbi ya cika ko ya janye. Baffa ya riƙe kofi yana amsa addu'a, shayin ya huce bai sha ba.

Asabar ta gaba muka gangara Sanyinna. Masuncin ya ce Hajiya ta san doka, ba a gaisuwa daga ƙofa. Ta cire takalmi ta shiga ba gardama. Baffa ne ya tsaya a gaɓa yana cewa shi zai tsare babur. Inna ta ce mini, yadda kowa zai ji, "Ce mashi ya rufe ido, haka ni ma na fara." Ya shiga. Ya riƙe katako da hannu biyu.

Fakku ce ta ƙarshe. Muka bi bayan motocin kasuwa tun da safe, muka wuce Kebbe. Bafulatanar ta hango mu daga nesa ta yi guɗa, matan rugar suka fito. Aka dama fura da nonon da aka tatsa a safiyar. Saurayin ya kama hannun Baffa da hannu biyu ya ce ba shi da abin ba shi, amma duk ranar da ya bi ta nan yana da ƙane.

A hanyar dawowa hadari ya haɗu a gabas, iska mai sanyi ta taso. Sai na ga hannun Inna ya wuce ta gefena. Yatsu biyu ta sa ta kama bakin rigar Baffa ta dama, ta ja. Ban taɓa gaya masa ma'anar jan ba. Ya rage gudu, ya sauka gefen hanya, ya kashe babur. A wata gona da aka share, shamuwa ne birjik suna tafiya a hankali suna kiwo. Muka tsaya muna kallo. Ɗigon farko ya faɗo a kan tankin mai, ƙasa ta saki ƙamshinta. Baffa bai tambayi dalili ba. Ya jira har ta saki rigar.

Da muka iso gida Goggo ta ce alhamdulillahi, an sauke nauyi, yanzu sai a mayar da buhuna. Ni ma na ɗauka shi ke nan, don ban gajiya sau ɗaya ake yi, ba kuma sauran wanda ya zo mana da ba mu je masa ba.

Asabar da ta biyo ina wanke kayan makaranta na ji ƙarar babur a zaure. Baffa ya leƙo, ya tsuguna a inda ya saba, yana juya makulli a hannu. Ya dube ni ya ce in tambaye ta ko akwai wanda aka manta ba a gaida ba.

Inna tana ɗaki. Na ji an buɗe akwatin mayafai tun kafin in isar da saƙon.

"Ce mashi kuka ta rage," in ji ta. "Ba ta samu zuwa ba, ciwon baya gare ta. Ba a kai mata labari ba tukuna."

Da muka zo gindin dalbejiya aka sake tambaya ina zuwa, ban gajiyar ba ta ƙare ba? Baffa ya tsaya sosai, ya sa ƙafa ƙasa, ya gaida dattawa ɗaya bayan ɗaya. Sannan ya ce, "Ta ƙare. Wagga gaisuwa ce."

Allah ya jiƙan Direba, ya yalwata masa kabarinsa kamar yadda ya yalwata wa Inna duniya. Ya sa ya sauka a inda ake amsa gaisuwa. Mu kuma da muka rage a hanya, Allah ya kai mu gida kafin magariba.